Kar a ba yaro maganin tsargiya ciki ba komai

Assalamu alaikum iyaye. Ranar da za a raba maganin tsargiya, wato ciwon fitsarin jini, a makaranta, ku ciyar da yaro sosai kafin ya fita. Ɗumamen tuwo, ko koko mai kauri da ƙosai. Ruwan shayi kaɗai ba zai riƙe shi ba.

Sunan ƙwayar Praziquantel, fara doguwa, ga ɗaci. In ta tarar da ciki wayam, sai jiri da murɗar ciki, wani har amai. Bara ɗana ya fita bai karya ba, ya amayar da ita a ƙofar aji. Abin da aka ba shi kyauta, sai da na je kemis na saya da kuɗina. Abinci yana kuma taimaka wa jiki ya karɓi maganin.

A haɗiye da ruwa, kar a tauna. Da tsayin yaro ake auna yawan ƙwayar, ko nauyinsa, miligiram 40 kan kowane kilo. Don Allah kar ki ɓallo na babban yaro ki ba ƙaninsa.

Amma fa maganin ba ya hana sabon kamu. Mu da ke wajen Kura da Kadawa mun sani, yaro ya sha yau, jibi yana iyo a kanal. Tsutsar da ke kawo ciwon daga dodon koɗin ruwa take fitowa ta huda fata.

Mai farfaɗiya a fara kai shi asibiti. In fitsarin jini ya wuce wata guda bai tsaya ba, a je a gwada fitsarin.