Darasi na Tara: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki a Maimaitawar Shari'a 6:4. Lamba ta farko ita ce sura, ta biyu kuma aya. Ku bi layin da yatsa, ku karanta a hankali. Nan Annabi Musa ya gaya wa Isra'ilawa cewa Ubangiji Allahnsu ɗaya ne. Yesu ma, da aka tambaye shi doka mafi girma, da wannan ayar ya fara, a Markus 12:29. Duk Kirista daga nan yake tashi: Allah ɗaya ne, ba uku ba.

To, daga ina maganar uku ta fito?

Mu je Matiyu 3:16-17. Yesu yana fitowa daga Kogin Urdun, Yahaya ya gama yi masa baftisma ke nan. Sai sama ta buɗe, Ruhun Allah ya sauko masa kamar kurciya, aka kuma ji murya daga sama tana kiransa ƙaunataccen Ɗa. Ku ƙirga da kanku. Ga wanda ke bakin ruwa, ga wanda ya sauko, ga mai magana, duk a lokaci guda. Shi ya sa Kiristoci ba sa cewa Uban ne ya rikiɗa ya zama Ɗa.

A Matiyu 28:19 kuwa, Yesu ya aiki almajiransa su yi wa al'ummai baftisma da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Ku tsaya a kan kalmar “sunan”. Bai ce “sunayen” ba. Haruffa kaɗan ne suka bambanta kalmomin nan biyu, amma mai karatu da garaje sai ya wuce bai lura ba, alhali nan gizo ke saƙa: suna ɗaya, masu shi uku.

Kalmar “Ɗa” tana rikita mutane da yawa. A koyarwar Kirista ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, Maryamu kuma ba ta cikin ukun nan. Bisharar Yahaya 1:1 ta kira Yesu Kalma, wanda ke tare da Allah tun fil azal.

Ita kalmar Triniti, wato sunan wannan koyarwa ta Allah ɗaya cikin Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko kun kwana kuna nema ba za ku same ta a nassi ba. Wani malami mai suna Tartuliyan, mutumin Kartaj a Arewacin Afirka, shi ya fara rubuta ta da Latin bayan shekara ta 200. Daga baya wani malamin ikkilisiya, Ariyus na Iskandariya, ya koyar cewa Ɗan halitta ne. Gardama ta yi zafi har shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a 325, suka tsai da cewa Ɗa da Uba ainihinsu ɗaya ne. Taron Kustantiniya na 381 ya ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki.

Wasu kan yi misali da ruwa, ƙanƙara da tururi. Ni dai ba na son sa, don ruwa sauya kama yake yi, abin da kuwa muka gani a Urdun ba haka ba ne.

Aiki: ku nemo 2 Korantiyawa 13:14, ku kwafe ayar cikin littafinku, ku ja layi ƙarƙashin ukun da Bulus ya ambata. Sannan kowa ya karanta wa na kusa da shi da babbar murya.