In injinka ya tsinto abu a ƙasa, ga yadda ake bi da haraji

Samari da yawa a Bauchi yanzu sun sayi injin neman zinare, wani ma ba sana'a ya ɗauke shi ba, ran Lahadi ne kawai zai rataya shi ya yi wajen Toro ko wani tsohon kufai yana ta shara ƙasa. To kafin ka fara lissafin haraji fara tambayar kanka, abin da ka tono ɗin naka ne ma?

In zinare ne ɗanye ko kuza, a doka ba naka ba ne, ba na mai gona ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, sai ka samu lasisi daga ofishin Cadastre, mai ba da izinin haƙar ma'adinai, kafin ka haƙa, kuma akwai kason gwamnati da ake biya a kan abin da aka fitar, shi wannan daban yake da haraji. Shi ya sa ƙananan masu haƙa suke haɗuwa su yi rajistar ƙungiya. Kai da kake yin abin don nishaɗi, ba wani sassauci da doka ta yi maka wai don Lahadi kaɗai kake fita.

In kuma kayan tarihi ne, misali tsohon munduwar tagulla ko kan mashi, wannan hurumin hukumar gidajen tarihi ne, NCMM. Dokarsu ta 1979 ta shafi kayan hannu na gida da aka ƙera kafin 1918, cikin kwana 7 ake so ka sanar, kuma ba a saye ba a sayarwa sai ta hannun wanda hukuma ta yarje wa. Kar ma ka wanke shi, wallahi mutane na ɓata abu da toka da lemon tsami wai suna so ya yi ƙyalli. Ɗau hoto a inda yake, rubuta wurin, gaya wa mai unguwa.

Sauran tarkacen su ne yawanci ke fitowa: anini, kwabo mai huji duk ya yi kore, sisi, guntun galma, waya. Muddin suna cikin gwangwani a ɗakinka ba wanda zai biyo ka, maganar haraji na tasowa ne ran da suka zama kuɗi, ko ɗan jari bola ne ya auna ko mai tara tsoffin kuɗi ya saya. Saboda haka nemi littafi ɗan ƙarami, duk ciniki ka rubuta rana da abin da ka sayar da nawa, a ɗaya gefen kuma batir, man mashin, kuɗin da ka ba mai gona, gyaran inji, ka adana rasit ko da alat ne na waya, don in abin ya zama kana yi kana sayarwa a kai a kai to kasuwanci ne, riba ake dubawa, wanda kuma bai rubuta ba da me zai kare kansa?

Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026 ta ce Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin 100. Amma fa duk kuɗin shigarka ake haɗawa, albashi ne ko shago, da na injin. A ce bayan an cire abin da doka ta yarda a cire ka tashi da miliyan 1, to 200,000 ne kawai za a taɓa, wato 30,000. Hukumar tara haraji ta jiha za ka je ba ta tarayya ba, kuma kafin 31 ga Maris ake miƙa bayanan shekarar da ta wuce. Tafi da NIN ɗinka.

Kar bidiyon Turawa na YouTube ya ruɗe ka, kowa da dokarsa. A Amurka tsintuwar kanta kuɗin shiga ce, a 1969 kotu ta tabbatar da haraji a kan dala 4,467 da wasu ma'aurata suka tsinta cikin tsohon fiyano. A Ingila kuma kwana 14 gare ka ka kai rahoto in taska ce.

Sai haƙƙin Allah, wanda shi aka fi mantawa. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa rikazi ana fitar da humusi, ɗaya bisa biyar, a mazhabar Malikiyya kuma rikazi shi ne dukiyar da aka binne tun zamanin jahiliyya. In akwai alamar na musulmi ne to tsintuwa ce, cigiya za ka yi har shekara. Zoben zinaren da ka tono a filin Idi dai ba rikazi ba ne ɗan'uwa, wata baiwar Allah ce ta yar, kai wa liman a yi sanarwa ran Juma'a.