In ka ƙara wa sikuta girman fistin, kar ka jira lokacin juyen mai

Jama'a, duk wanda aka sa wa sabon fistin da ringi, ya juye baƙin mai da ya yi kamar kilomita 100. Ya sake a 500.

Sabon ringi yana gogar bangon silinda kafin ya zauna, garin ƙarfen kuma cikin mai yake zuba. Ƙananan sikuta da yawa ragar tace mai kawai gare su, ba filta ba, sai garin ya yi ta zagaya injin.

Juye man da ɗuminsa a farar roba, ka kai rana. Za ka ga yana ƙyalli.

Kar ka murɗe totur ƙarshe, kar ka tsaya a gudu ɗaya, kar ka ɗauki kaya mai nauyi tukuna. In cunkoson Agege ko Mile 12 a Legas ya riƙe ka, kashe injin ya huce, don Allah. Zafi ne ke kashe sabon aiki.

Amma in gutsattsarin ƙarfe ka gani, juye ba zai yi magani ba, koma wurin bakanike. Haka in man ya yi fari bayan ka ratsa ruwan damina, ruwa ya shiga, juye shi a ranar. Injin da ake haɗa wa mai da fetur kuwa, wannan juyen bai shafe shi ba.