Haɗa mutum-mutumi mai bin layi don gasa

Ku tanadi allon Arduino Uno, wanda shi ne ƙwaƙwalwar mutum-mutumin, da allon L298N mai sarrafa injinan taya biyu, da na'urorin TCRT5000 guda biyar masu gane baƙin layi, sai batir samfurin 18650 guda biyu da za a jona a jere, wato bolt 7.4.

Kada ku ba injinan wuta daga Arduino. Lokacin tashi suna zuƙar wuta sosai, sai allon ya ɗauke ana tsaka da gasa. Ku ja wutarsu daga batir ta L298N, ku kuma haɗa wayar GND (wato nagetif) ta allunan biyu. In an manta da ita, tayoyin kan ƙi bin umarni.

Na'urorin gane layi su zauna kamar milimita 3 daga ƙasa, a yi musu rumfa, domin hasken rana na rikita su. Da kun isa filin gasar, ku saita na'urorin ta hanyar auna fari da baƙi a can.