Kurakuran Mai Wasan Ruɗin Ido Shi Kaɗai a Bikin Edinburgh

Bikin Fringe, wanda aka fara a 1947, yakan cika birnin Edinburgh na Birtaniya da 'yan wasa duk watan Agusta. Cikinsu akwai masu hawa dandamali su kaɗai, ba magana, sai alkafura da ruɗin ido. Wata sananniyar dabara ita ce a kwantar da kyamara a gefenta. Ɗan wasa yana kwance, tafin ƙafarsa a jikin bango, amma a allon da ke nuna wa 'yan kallo hoton kyamarar sai a gan shi tsaye. In ya miƙe, sai a ga yana taka bango kamar ƙadangare.

Ba alkafurar ke tona asiri ba, ƙananan abubuwa ne. Riga mai faɗi, gashi, sarƙar wuya, har zufa, duk ƙasa ta gaskiya suke nufa, kuma idon mai kallo ba ya barin su. In kai ne mai wasan, ka sa kaya masu kama jiki, ka ɗinke duk abin da ke lilo. Sai wuya. Da yawa sukan bar kai ya kwanta da zarar sun gaji, alhali mutumin da ke tsaye ba ya yin haka. Wannan horo ne na watanni, kana yi kana duban allo, har wuyan ya saba ɗaukar kai.

Haka hannun da ka dafa bangon da babu shi: in jiki ya motsa, hannun ya tsaya cak. Ya goce ko da kaɗan, bangon ya rushe.

A Fringe wasanni da yawa ke karɓa-karɓa a ɗaki guda, mintuna kaɗan za a ba ka ka kafa kaya. Ka sa alama a inda ƙafafun kyamara ke tsayawa, ka tafa hannu ka ga ko hoton na makara. Ka zauna a kujerun gefe ma, domin abin da ya ruɗi na tsakiya ba lallai ya ruɗe su ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zazzage dabaru duka a minti 10 na farko. Wasan kusan awa guda ne, mamaki kuwa ba ya daɗewa. Mutumin da kake kwaikwaya a wasan dole ya kasance yana neman wani abu, ko mafita, ko abokin zama, sannan ka ajiye babbar dabara sai can gaba.

Bikin ya haura mako uku, kusan kullum wasa. Ka ɗumama jiki kafin ka hau, ka tanadi sauƙaƙan motsi na ranar da wuyan hannu ya ƙi.