Yadda Ake Nazari da Adana Tsohon Bugaggen Wa'azin Coci

Wanda ya ci karo da tsohon bugaggen wa'azi a akwatin kakansa a Wusasa ko Sabon Gari, abu na farko da zai duba shi ne shafin farko, domin a nan ake samun sunan mai wa'azin, da garin da aka buga shi, da shekara, da kuma taron da ya sa aka yi shi. Wa'azin da aka yi ranar keɓe sabon fasto ya fi sauran amfani ga mai bincike, saboda a cikinsa manya ke fayyace ilimi da halin da suke bukata daga wanda za a damƙa wa ikilisiya.

Daga nan sai a auna shekarar da tarihin horar da fastocin Furotesta. Kafin a buɗe makarantun tauhidi na Andover a 1808 da Princeton a 1812 a Amurka, ɗalibi yakan zauna ne a gidan wani gogaggen fasto yana karatu a gabansa, kusan yadda ake ɗaukar karatun zaure, kuma bugaggun wa'azozi suna cikin littattafan koyonsa. A Ingila an riƙa buga wa'azin wani shahararren fasto mai suna Charles Spurgeon kowane mako tun daga 1855, shi ya sa kwafinsa ba ya da wuyar samu, kuma bai kamata a yi masa tsammanin tsada ba.

Idan bugun na Hausa ne, a lura da haruffa: ɗigo a ƙarƙashin b, d ko k alama ce ta tsohon tsarin rubutu, kafin haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) su kankama a shekarun 1930, zamanin da mishan ɗin Likita Miller, wani Bature ɗan mishan, ya tashi daga birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929, aka kuma fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Rubutun hannu a gefen shafi, ko hatimin wata makarantar Baibul, a ganina ya fi bugun kansa daraja, don shi ke nuna wanda ya karanta da abin da aka koya masa, saboda haka kada a goge shi.

Wajen adanawa, kada a liƙa salatif a inda ya yage, kada kuma a kai shi a manne shi da leda, domin ba a iya warware wannan aikin. A cire ƙusar da ta yi tsatsa, a sa takardar a kwance cikin jakar kwali, nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshin damina, sannan a ɗauki hoton kowane shafi don masu son karantawa.