Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen jirgin ruwan da za a ƙera ƙaraminsa

Mai ƙera ƙaramin jirgin ruwa daga tushe, ba da kayan haɗi na kanti ba, yakan yi tuntuɓe tun bai ɗauki zarto ba, wato wajen zaɓen jirgin da zai kwaikwaya.

Kuskure na farko, zaɓen ƙaton jirgi. Yawanci a waya ake nema, sai ido ya faɗa kan Titanic. Tsawonsa mita 269 ne. Ko an rage shi sau ɗari, sai ya kai mita 2.69, ya cinye ɗaki. In kuma an matse shi zuwa santimita 50, tsayin mutum a kansa bai wuce milimita uku da ɗoriya ba, reza ba za ta fitar da ƙofa ko taga ba. Maganin yana bakin kogi. Binuwai a Garwa, tafkin Lagdo, mahaɗar Logon da Shari tsakanin Kuseri da Injamena, duk cike suke da kwale-kwalen da za ka taɓa da hannu, ka auna. Kwale-kwale mai mita 10, in ka rage shi sau 25, santimita 40 ke nan. Falanki mai kaurin santimita 2.5 ya koma milimita ɗaya, matuƙi kuma wajen santimita 7. Wannan hannu zai iya.

Na biyu, dogara da hoto ɗaya da aka ɗauka a karkace. Irin wannan hoto yana kumbura goshin jirgi ya tsuke bayansa, sai aikin ya fito kamar takalmi. Ɗauki hoto ta gefe sosai, daga nesa, sannan ta gaba, ta baya, da ta sama in akwai tudu. Jingina sanda mai mita ɗaya a jikin jirgin ta fito a kowane hoto. Auna faɗi da zurfi a wuri biyar daga goshi zuwa baya, don a nan siffar take. Lokacin wannan aiki rani ne, sa'ad da ruwa ya ja baya aka fito da jirage ana gyara, a ga ƙasansu. Da damina rabin jirgin kawai za ka gani. Nemi izinin mai jirgi tukuna, kuma kada ka juya waya wajen gada ko shingen jami'an tsaro, musamman a kan iyaka.

Sai gauraya jirage daban-daban. Kadai, wato jirgin ƙabilar Buduma a tafkin Cadi, damin ciyawar ruwa ne da aka ɗaure, goshinsa a ɗage. Tsohon jirgin kamun kifi na ƙabilar Kotoko falankai ne da aka ɗinke da igiya, da ƙatuwar koma a goshi. Wanda ya liƙa wa kadai injin Yamaha, ko ya buga wa ɗinkakken jirgi ƙusa, masunta za su yi masa dariya. Zaɓi jirgi ɗaya daga zamani ɗaya, ka tambayi tsoho a bakin ruwa abin da hoto bai nuna ba.

Akwai kuma zaɓen jirgi ba tare da duba kayan da ke hannu ba. Tukurwa da karan dawa sun dace da benci da rumfa, busasshiyar ciyawa siririya ta ishi kadai. Falankai kuwa sai siririn katako busasshe, domin ɗanye yana kantarewa da zarar hunturu ya kama. Jiƙa falankin a ruwan zafi minti 15 zuwa 20, ka ɗaure shi a jikin haƙarƙarin jirgin ya kwana, sannan ka sa farin gam na kafinta. Sufagulu a kan jiƙaƙƙen katako fari yake bari, kuma ba ya ba ka damar gyara.

Fenti mai ƙyalli ma yana kashe aiki. Jirgin da ke aiki yana da facin kwalta da kwano, da shatin da ruwa ya bari. Tsinka fentin, ka shafa sau biyu, ka bi gefuna da sanfefa mai laushi.